Baffa Mai Duniyar Duma

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma, da mai sauri da mai jan ƙafa. Baffana, ƙanin mahaifina, ya amsa kira a tsakiyar kaka, lokacin da duk mai ƙarfi a garinmu yana gona yana yankan gero. Ina shagona a Ɗambatta ina ɗaure wa wani manomi buhuna aka buga mini waya. Kafin mota ta cika ta tashi, in sauka a bakin titi in hau babur, har an yi masa wanka an sa shi a likkafani. Ban ga fuskarsa ba.

Mutane sun zo, ba laifi, amma ba irin zuwan da na zata ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana koyar da labarin ƙasa a firamaren garinmu, na ɗauka tabarmi ba za su isa ba. Sun isa har da saura. Yawancin waɗanda ya koyar suna can wuraren da ya nuna musu a taswira, wasu Legas, wasu Agadas, wasu Jidda, sai dai su bugo waya su ce a yi haƙuri.

Wani direban babbar mota, furfura ta cinye masa gemu, ya zauna kusa da ni ya ce, "Wallahi duk garin da na shiga sai in tarar Malam ya riga ni zuwa. Ran da na fara ganin inda koguna biyu suka haɗu a Lakwaja, tsayawa na yi ina dariya ni kaɗai, mutane suka zaci na zautu. Kuma ka san shi bai taɓa wuce Zariya ba?"

Na ce na sani.

Wani dattijo ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi shi sauri." Ba wanda ya musa. A bayana kuma samari biyu suna raɗa, ɗaya yana tambayar ɗaya wai dama malamin makaranta ne, shi ya ɗauka tsohon nan ne kawai mai zama shi kaɗai a gindin darbejiya. Wannan raɗar ta yi mini ciwo, kuma ita ta sa nake wannan rubutu.

Limamin garinmu shi ya sallace shi. Bayan an dawo daga makabarta ya tsaya a ƙofar zaure ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya ɗaga murya don na cikin gida su ji, ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Da na shiga wurin mata, innata, wadda ita ta riƙa dafa wa Baffa abinci tun da matarsa ta rasu, ta kama hannuna tana kuka ta ce, "Ka ji shi ko? Malam. Har a kan gawa ma Malam."

Baƙo zai ce ai girmamawa ce. Mu da muka san su mun san babu kalmar da ta fi wannan yi wa Baffa zafi.

Mahaifin Baffa da mahaifiyar Liman uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ɗan namiji da ɗan mace ke nan, taubasai, kuma sa'o'in juna, tare aka yi musu shayi, tare suka yi kiwon awaki. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin ɗayansu ya yi wa ɗaya gaisuwar mutunci ba. Baffa in ya hango shi daga nesa sai ya ce, "Bawan gidanmu, an fito? Yau da asuba ka ja mana sura kamar mai jan jaki a laka." Liman ya ce, "Kai da ka riske mu a raka'a ta biyu da kwantsa a ido, me ka ji? Je ka ka yi wa yara tatsuniya." Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan ce in su biyun nan suka haɗu, ko mai zaman makoki sai ya rufe baki da rawani. Liman mutum ne da kowa ke durƙusa wa. Baffa kaɗai ke iya fizge goro daga hannunsa.

Duniyar duma kuwa ga asalinta. Makarantarmu ta taɓa samun ƙwallon taswirar duniya daga gwamnati, iska ta yaye rufin ofis wata damina, ruwa ya jiƙa shi ya saɓule. Baffa bai jira an kawo wani ba, don ya san jiran gawon shanu ne. Ya bi gonaki har ya samu duma mai kyan zagaye, ya kankare, ya zana ƙasashe da tawada, ya shafe tekuna da shuni, ya soke shi da ƙarfen tsohuwar laima don ya riƙa juyawa. Afirka ta ɗan fi ƙarfinta girma, ya ce ba laifi, a nan muke. Kullum da safe za ka gan shi a kan kekensa, duma a hammata. Liman yakan ce, "Ga mai ɗauke da duniya a hammata, amma bai iya shuka gyaɗa a layi ba." Gaskiya ne kuma, gonar Baffa ita ce abin kunyar zuriyarmu.

A aji ba ya son zama. In aka yi ruwa da safe sai ya kwashe mu zuwa hanyar amalanke, inda ruwa ke gudu tsakanin shingayen gonaki. Ya tsuguna, rigarsa na jan laka, ya ce, "Ga kogi. Ga ƙanensa ya zo ya shige shi. Wannan tudun da ruwa ya zagaye, sunansa tsibiri, tururuwan da ke kai su ne mutanen ƙasar. Wa zai gaya mini inda za su samu gishiri?" Wanda ya amsa daidai ba ya samun komai sai, "Kai, ashe da mutum a cikin rigar nan." Wanda ya yi barci kuwa sai ya ce an tura shi Sahara, ya je ya tsaya a rana har ya faɗi sunan ƙasa uku masu iyaka da mu. Ni na sha zuwa Sahara. Da aka zo aka cusa labarin ƙasa cikin wani darasi mai haɗe-haɗe, Baffa ya ce an mai da tuwo fate-fate, ya ci gaba da abinsa kamar bai ji ba.

Akwai wata tsohuwa a unguwar Kiristoci da ke bayan rafi, ɗanta ya bi ta Agadas ya tafi Libiya, labarinsa ya yanke. Wata rana ta zo har zauren Baffa ta durƙusa ta ce an ce mata yana da duniya a gida, tana so ya nuna mata inda ɗanta yake. Ya ɗauko duma. Ya kama ɗan yatsanta ya ɗora a kan Kano, ya ɗora nasa a kan Libiya, ya ce, "Gwaggo, duba da kyau. Ko taƙi ɗaya bai kai ba." Ta daɗe tana kallon tsakanin yatsun nan biyu. Daga ranar, duk kasuwa in za ta wuce sai ta leƙo, ya ɗauko mata, ta taɓa wurin ta tafi. Har tawadar Libiya ta goge, ya sake zanawa.

Wata ɗabi'arsa ita ce kallon fitowar rana. Yakan tsai da mu a filin makaranta ya ce rana ba ta da ƙofa ɗaya. Da sanyi ta bayan kukar makabarta take ɓullowa, da damina kuma ta koma can hagu, bayan rimin bakin rijiya. Mu duk gabas muka sani, gabas kuwa ita ce alƙibla, shi ke nan. Wata rana ya ɗauki zare ya miƙa a kan duma daga Kano zuwa Makka, ya ga zaren bai tafi gabas sak ba, ya karkata arewa, wajen inda ranar damina ke fitowa. Ya sake gwadawa da wata taswira da ya aro a Dawakin Tofa, haka dai. Masallacinmu kuwa ginin ƙasa ne, ginin ƙasa da rani ake yi, saboda haka ranar sanyi yake fuskanta.

Da Baffa ya je gidan taubashinsa su biyu ya faɗa masa, da ban san yadda za ta kasance ba. Amma shi a wurinsa babu maganar da taubasantaka ba ta iya ɗauka. Ya ajiye ta yana murna, kamar wanda ya samu sabuwar bulala.

A wurin wani suna ya sake ta. Ina saurayi a lokacin, ina zaune a gefen tabarma. An gama addu'a, ana rabon goro, Baffa ya ce, "Bawan gidanmu, ka san shekara da shekaru Kamaru kake kai mu? Mu mun yi niyyar Makka, direba ya karkata da mu Kamaru." Wuri ya fashe da dariya, har da Liman. Baffa ya ji daɗi, ya tashi tsaye yana nuna kuka, yana nuna rimi, yana bayanin zare.

Liman ya daina dariya. Ya ce, "Wasa kake ko da gaske?"

Baffa ya ce, "Wallahi da gaske."

Liman ya ajiye goronsa a kan tabarma. Ya ce, "Masallacin nan babana ne ya ja layinsa da sandarsa, bayan ya je Makka da ƙafa ya dawo. Da layin nan ake haƙa kabari a garin nan. To shi da gwaggonka, uwata, da ke kwance a can, ina suke kallo?"

Baffa ya buɗe baki, karo na farko da na ga ya buɗe shi babu komai a ciki. Liman ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Mun gode, Malam. Allah Ya ƙara ilimi."

Tun daga ranar bai sake zolayarsa ba. Bai yi gaba da shi ba, ya fi ƙarfin wannan, kuma da gaba ce da an shiga tsakani an sasanta. Gaisuwa yake masa cikakkiya, ina kwana Malam, yaya iyali, yaya makaranta, irin wadda ake yi wa baƙon da aka girmama. Wa zai kai ƙarar mutum don ya gaishe shi?

Ni dai ban wanke kowa ba. Baffa ya taka kaburburan mutane da takalmi a gaban jama'a, Liman kuma ya riƙe abin fiye da yadda mai jan mutane sallah ya kamata ya riƙe. Duk biyun taurin kan gida ɗaya suka gado.

Baffa ya yi iya ƙoƙarinsa, irin nasa. Ya roƙi wani malami ya je ya gaya wa Liman cewa wanda ya yi bakin ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla babu laifi a kansa, sallarsa ta yi, kwanciyarsa ta yi. Liman ya ce, "Na sani. Littafin da ka karanta ni ma na karanta." Masallaci kuma bai motsa ba. Baffa bai taɓa karya sahu ba, inda Liman ya fuskanta nan yake fuskanta. A ɗakinsa ne kawai buzunsa ke kallon kusurwa.

Can da, duk ranar cika-ciki Baffa yakan faɗa gidan Liman ba sallama, ya ɗage murfin akushi ya ɗauke cinyar kaza, Liman ya bi shi da sanda har ƙofar gida, mata na guɗa. Shekarar da abin ya faru ma ya je. Innata ta ce ya sa tsohuwar rigarsa, don in an ja ta yage ba asara. Da ya isa sai aka tare shi a zaure, aka shimfiɗa masa sabuwar darduma, aka kawo masa kaza guda a kwano mai murfi da ruwan wanke hannu. Liman ya zauna nesa kaɗan ya ce, "Bismilla, Malam." Baffa ya dawo gida, ya shiga ɗaki ya saki labule. Shekara ta zagayo ya sake zuwa, aka sake shimfiɗa darduma. Daga nan ya bari.

Gari kuma ya bi Liman, kamar yadda gari ya saba. Ba wanda ya zagi Baffa, amma majalisar gindin darbejiya ta riƙa raguwa, yau wannan yana da uzuri, gobe wancan ya koma inuwar ƙofar masallaci. Baffa ya yi ritaya. Mahaifina ya rasu, matar Baffa ta bi baya. 'Ya'yansa aure da neman abinci suka kai su nesa, ya san sunan duk kogin da ke tsakaninsa da su. In na zo gida ranar Juma'a nakan tarar da shi zaune, rediyo a cinya, yana gyara wa mai karanta labarai sunan gari. "Ba haka ake faɗa ba, yaro," yake cewa, ba kowa a wurin sai shi da awaki.

Sai zamani ya kawo waya mai nuna alƙibla. Da aka tashi sake ginin masallaci da bulo, samarin da suka yi karatu a birni suka ajiye wayoyinsu a ƙasa, duk suka nuna wajen rimin bakin rijiya. Aka je aka gaya wa Liman a hankali, cikin ladabi, a zaurensa. Ya ce, "A bi abin da ya fi daidai. Allah Ya sa mu dace." Aka ja sabon layi, masu haƙar kabari ma suka koma kansa. Ba wanda ya ambaci Baffa, yawancin samarin ba a haife su ba lokacin da aka yi abin.

Ni kuwa na zo da gudu kamar mai albishir. Na ce, "Baffa, gaskiyarka ta fito! Yau kowa ya san kai ne ka fara faɗa."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni na ce maka gaskiya nake nema? Na ajiye ta a ɗaki shekara da shekaru, me ta tsinana mini?" Sannan ya sassauta murya. "Shi bai ce komai a kaina ba?"

Na ce bai ce ba.

"Ko zagi?"

Na ce ko zagi.

Ya ƙara wa rediyo murya. Ranar na gane abin da yake jira a gindin bishiyar nan, hanyar gidan Liman zuwa masallaci ta gabanta ta bi. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin tuwon da innata ta kawo.

Da ciwo ya kwantar da shi, Liman ya zo dubiya. Ba na nan, innata ce ta ba ni labari. Ta ce ya zauna a bakin gado ya yi masa addu'a ya tofa masa. Baffa, wanda ko ruwa da kyar yake haɗiya, ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Bawan gidanmu, ka tsufa. Haƙoranka sun gudu sun bar ka a tasha." Ta ce ta ga bakin Liman ya motsa, ta rantse magana ta zo masa har leɓe. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya ba da lafiya, Malam." Bayan 'yan kwanaki Baffa ya cika.

Allah Ya jiƙanka Baffa, Ya yafe maka saurin bakinka, Ya saka maka da alherin kowane yaro da ka buɗe wa ido ya san duniya ta wuce bakin rafi. Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haɗa ka da abokan hira.

Bayan sadakar bakwai, ina shirin komawa Ɗambatta, Liman ya aiko a kira ni. Ya ce in raka shi makabarta, idonsa ba ya gani sosai. Muka fita bayan la'asar, yana dafe da kafaɗata, muna ratsa gonakin da aka girbe. Na tsai da shi a kan kabarin, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na yi ta cewa amin. Ya shafa. Na zaci za mu juya, sai ya gyara tsayuwa ya dogara da sandarsa, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "To, sarkin yawo a zaune. Yau dai ka yi tafiya. Ita ma ɗaukar ka aka yi, don ragonta ba za ta bar ka ka zo da ƙafarka ba."

Ya karkata kai, ya sa tafin hannu a bayan kunne, kamar yadda yake yi in ana masa magana. Ya daɗe a haka. Can nesa wani yana kora shanu cikin kara.

Ya juyo wajena, idonsa ya cika. Ya ce, "Shekarar farko fushi nake. Sauran duk nauyin baki ne, kullum sai in ce gobe." Ya matse kafaɗata. "Kai ka zauna da shi, ka san bakinsa. Me zai ce? Rama masa."

Na san abin da Baffa zai ce, wallahi har ya zo mini kan harshe da muryarsa. Amma ni ɗa ne, tun ina rarrafe nake durƙusa wa mutumin nan, bakina ba shi da wannan izinin. Na rusuna na ce, "Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana."

Ya saki kafaɗata a hankali. Ya ce, "Haka kowa yake ce mini."

Ya laluba ƙasa da sandarsa har ya samu hanya, ya yi gaba, na bi shi a baya.